Bambancin rikici da halin gaggawa, da iyakar abin da dokar ta-ɓaci ke iya magancewa

Kalmomin rikici da halin gaggawa kan zo tare a kanun labarai, har mai karatu ya ɗauka abu guda suke nufi. A wajen likitoci da jami'an agaji da masana shari'a kuwa kowace da muhallinta. Sunan da aka bai wa lamari shi ke fayyace wanda zai ɗauki mataki a kansa, da irin ikon da za a danƙa masa, da asusun da kuɗi zai fito, da wa'adin da aka yanka masa.

Halin gaggawa shi ne abin da ya auku kwatsam, ko ya taso da sauri, yana barazana ga rai ko lafiya ko dukiya, ta yadda jinkirin mintoci ko sa'o'i ke iya jawo asarar da ba a mayar da ita. Gobarar kasuwa da hatsarin mota da kifewar kwale-kwale da saran maciji da naƙudar da ta zo da zubar jini duk suna cikin wannan rukuni. Abin da ya haɗa su shi ne an san abin yi. Ba a kiran taro a tattauna ko ya dace a kashe wuta. Tambayar kawai ita ce ko motar kashe gobara na da ruwa da mai, kuma minti nawa za ta yi a hanya. Shi ya sa aikin gaggawa ya ginu a kan shiri tun kafin abin ya faru: horo da atisaye da kayan aiki a ajiye da lambar kira irin 112, da shugaba guda da kowa ke jin umarninsa a wurin da abin ya auku. Yana kuma da ƙarshen da kowa ke gani. Wuta ta mutu, an fito da mutum na ƙarshe daga cikin ɓaraguzai, ma'aikata su naɗe kaya.

Rikici ya fi wuyar kamawa. A bakin Bahaushe kalmar ta fi karkata ga faɗa da tashin hankali, amma tushenta na nan a cikin rikicewa, kamar zaren da ya harɗe aka rasa bakinsa. A ma'anar da masana harkar mulki da agaji ke amfani da ita, rikici yanayi ne da tsarin da aka saba tafiya a kai ya gaza, ba a san mafita ba ko an kasa haɗuwa a kan mafita guda, kuma duk shawarar da aka yanke za ta sauya alƙiblar al'amarin. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ta samo asali ne daga Girkanci, inda take nufin yanke hukunci. Tsofaffin likitocin Girka sun yi amfani da ita wajen kiran lokacin da ciwo ya kai gargara, wanda daga nan ko dai majinyaci ya fara samun sauƙi ko ya cika. Da yake kalmar Hausa guda ba ta ɗauke wannan ma'ana duka ba, masu fassarar labarai kan zaɓi wadda ta dace da wurin: matsin tattalin arziki, matsalar abinci, dambarwar siyasa, taƙaddamar shugabanci, halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Rikici na iya ɗaukar shekaru yana tsiro ba a lura ba. Sau da yawa ma ana jayayya a kan ko akwai shi, ballantana a kan wanda ya haddasa shi. Magance shi na buƙatar shawara da sulhu da sauya doka ko manufa, kuma kusan ko da yaushe wani zai rasa wani abu da ya saba samu.

Ebola da shan-inna

Abubuwa biyu da suka faru a fannin lafiya a Najeriya sun nuna bambancin fiye da kowane bayani. Ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, kuma ita ma cutar ce ta yi ajalinta. An kafa cibiyar ba da umarni guda, aka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, aka killace waɗanda suka kamu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa cutar ta kau daga ƙasar. Wata uku cif. Babu wanda ya yi gardama a kan abin da ake so a cimma, kuma hanyar cimma shi sananniya ce.

Shan-inna ta bi wata hanya dabam. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano da wasu jihohin Arewa, bayan da zargi ya bazu cewa an gurɓata maganin da abin da ke hana haihuwa. Magani na nan, ma'aikata na nan, kuɗi na nan. Yarda ce ta ɓace. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Babu wata cibiyar umarni da za ta iya buɗe ƙofar gidan da maigida ya rufe. Sai da aka yi kusan shekara ana gwaje-gwaje da tattaunawa, aka samo magani daga Indunusiya, kafin Kano ta koma rigakafi a ƙarshen Yulin 2004, kuma kafin nan cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Bayan haka ma an shafe shekaru ana aiki da sarakuna da malamai da masu unguwanni. A 2016 aka ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a Borno, sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Akwai wani abin lura a nan: cibiyar da ta daƙile Ebola a Legas ta kwaikwayi tsarin cibiyar yaƙi da shan-inna da aka kafa a 2012, har an aro wasu daga cikin jami'anta. Doguwar wahalar da aka sha a kan cuta ɗaya ita ta samar da gwanayen da suka tare ɗayar cikin makonni.

Yadda ɗaya ke haifar da ɗaya

Da wuya a sami halin gaggawa babba da ba wani daɗaɗɗen rikici ba ne ya haife shi. Daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumban 2024 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, ya malale cikin Maiduguri da Jere. Ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rushe katangar gidan yari har fursunoni kusan 300 suka fice, ya kuma fito da namun dawa daga gidan zu. Kwanakin da suka biyo baya aikin gaggawa ne tsantsa: kwale-kwale da motocin sojoji da dafaffen abinci da tabarmi da ruwan sha. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha don irin wannan rana aka yi su.

Sai dai an gina madatsar ce tun a tsakiyar shekarun 1980, kuma ta taɓa yi wa birnin irin wannan ɓarna a 1994. Tambayoyin da suka rage bayan ruwa ya janye ba na NEMA ba ne: wa ke kula da madatsun ruwa, da wane kuɗi, wa ya bar mutane suka yi gini a hanyar ruwa, kuma ina za a kai su idan an ce su tashi, a birnin da ya riga ya cika da 'yan gudun hijira. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Sauran tambayoyin sun fi gini wuya.

Haka abin ya kasance a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yaran, aka kankare ƙasar da ta gurɓata aka zuba sabuwa. Talaucin da ya sa manomi ya shigo da dutse tsakar gidansa kuwa ba ya jin allura, kuma a 2015 irin wannan guba ta sake ɓulla a Jihar Neja.

Inda ma'aunin ya juye

A fannin abinci kalmomin biyu matakai ne na tsani guda, kuma wannan kan rikita masu karatu. Ma'aunin da hukumomin duniya ke amfani da shi, wanda aka fara ƙirƙira a Somaliya a 2004, da ɗan'uwansa na yankin Sahel da Afirka ta Yamma mai suna Cadre Harmonisé, sun kasa yunwa gida biyar. Mataki na uku shi ake kira rikici ko matsanancin hali: iyali na tsallake wani abincin, ko kuma suna cin abin da ya ishe su da ƙyar ta hanyar sayar da abin da suke neman abinci da shi, kamar akuyar kiwo ko irin shuka. Mataki na huɗu shi ne na gaggawa, inda giɓin abinci ya yi faɗi, tamowa ta yi yawa, mace-mace suka fara zarce yadda aka saba. Na biyar shi ne yunwa gadan-gadan, kuma ba a ayyana ta sai an ga abu uku: gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci kwata-kwata, kashi 30 cikin ɗari na ƙananan yara na fama da tamowa mai tsanani, sannan mutum 2 cikin kowane 10,000 na mutuwa a kullum.

Saboda haka idan rahoto ya ce miliyoyin 'yan Najeriya na mataki na uku zuwa sama, ba yana nufin dukkansu na bakin mutuwa ba ne. Ba kuma dalili ba ne na kwantar da hankali, domin a mataki na uku ne taimako ya fi arha kuma ya fi amfani. Wanda aka taimaka wa kafin ya sayar da shanun huɗarsa zai yi noma a damina mai zuwa.

Jamhuriyar Nijar ta ga illar jayayya a kan suna a 2005. Bayan fari da farin ɗango na 2004, cibiyoyin jinya a Maraɗi da Damagaram suka cika da yara masu tamowa, alhali hatsi na kasuwa, tsadarsa ce ta gagari talaka. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, kuma gwamnati ta daɗe tana nacewa a kan sayar da hatsi da rangwame kafin a koma rabawa kyauta. Watannin da aka ɓata ana muhawara a kan kalma, a lokacin bazara da farkon damina suka faɗo, daidai lokacin da rumbuna suka fi zama wayam.

Sashe na 305

A shari'a, halin gaggawa na da ƙofa guda, wato dokar ta-ɓaci. Sashe na 305 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa Shugaban Ƙasa ikon ayyana ta a faɗin ƙasa ko wani yanki, ta hanyar sanarwa a mujallar gwamnati. Dalilan da aka yarda da su sun haɗa da yaƙi ko barazanar mamaya, da rugujewar doka da oda har ta kai sai an ɗauki matakin da ba a saba ba, da bayyananniyar barazanar hakan, da aukuwar bala'i ko annoba, da duk wani haɗari ga wanzuwar tarayya, ko kuma buƙatar gwamna da ke da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar jiharsa. Dole kowane zaure na Majalisar Dokoki ta Ƙasa ya amince da kashi biyu cikin uku na dukkan mambobinsa, cikin kwana biyu idan majalisa na zama, ko kwana goma idan tana hutu. Wa'adinta wata shida ne, ana iya tsawaita shi da wata shida-shida bisa irin wannan rinjaye.

Waɗannan ƙa'idoji sun nuna abin da aka yi dokar dominsa. Magani ne mai ƙarfi na ɗan lokaci, wanda ke taƙaita wasu 'yancin jama'a, don haka aka ɗaure shi da wa'adi da sa-idon majalisa. Tarihin amfani da ita a Najeriya kuwa yawancinsa na rikicin siyasa ne.

Karo na farko bayan 'yancin kai shi ne 29 ga Mayun 1962, lokacin da saɓani tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Firimiya Samuel Ladoke Akintola ya raba jam'iyyar AG, har aka yi dambe a zauren majalisar Jihar Yamma a Ibadan. Gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Dokar ta ƙare a ƙarshen shekarar, Akintola ya koma kujerarsa, gabar ta ci gaba da ruruwa har zuwa tarzomar zaɓen 1965 da juyin mulkin 15 ga Janairun 1966.

Ranar 18 ga Mayun 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ayyana ta a Filato bayan kashe-kashen Yelwan Shendam da ramuwar gayya a Kano. Ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye da majalisar jihar, ya naɗa Manjo-Janar Chris Alli mai ritaya. A ɓangaren gaggawa dokar ta yi aikinta, domin zubar da jini ya lafa. Batun ɗan ƙasa da baƙo da mallakar fili da sarauta kuwa yana nan inda yake, kuma Jos ta sake kamawa da wuta a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. A Oktoban 2006 aka maimaita salon a Ekiti, inda tsige Gwamna Ayo Fayose ya bar mutum uku kowa na cewa shi ne gwamna.

Shugaba Goodluck Jonathan ya bi wata hanya. A ƙarshen Disamban 2011 ya sa dokar a ƙananan hukumomi 15 na Borno da Yobe da Filato da Neja, sannan ranar 14 ga Mayun 2013 ya sa ta a ɗaukacin Borno da Yobe da Adamawa, ba tare da ya taɓa gwamnoni ba. An ƙara sojoji, an katse layukan waya, an sa dokar hana fita. An tsawaita ta sau biyu, kuma a cikinta ne aka sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a Agusta, Mubi a Oktoba. Da aka nemi ƙari na uku a Nuwamban 2014 majalisa ba ta bayar ba. Yaƙin ya ci gaba ba tare da dokar ba, kuma bayan ƙarewarta ne aka ƙwato yawancin garuruwan.

Na baya-bayan nan shi ne na Ribas, ranar 18 ga Maris ɗin 2025, inda Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jihar, ya naɗa tsohon hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas. Tushen lamarin taƙaddama ce tsakanin gwamnan da mafi yawan 'yan majalisar da ke biyayya ga Ministan Abuja, Nyesom Wike. Lauyoyi sun yi ta muhawara a kan abu biyu: Sashe na 305 bai ambaci dakatar da zaɓaɓɓen gwamna ƙarara ba, sannan majalisa ta amince da dokar ne ta hanyar ƙuri'ar murya, wadda ba ta nuna ko kashi biyu cikin uku sun cika. Gwamnan ya koma ofis a Satumba bayan cikar wata shida, amma abin da ya share masa hanya zaman sulhu ne da aka yi tsakanin 'yan siyasar da kansu.

Wasu ƙasashe sun nuna inda abin ke kaiwa idan wa'adi ya zama al'ada. Masar ta zauna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun daga kisan Shugaba Anwar Sadat a Oktoban 1981 har zuwa Mayun 2012. A Nijar an sa ta a yankin Diffa a Fabrairun 2015, aka yi ta sabunta ta shekara da shekaru. Dokar da ta shekara talatin ta daina zama ta gaggawa, ta koma salon mulki.

Ta-ɓacin fatar baki

Akwai kuma nau'in da ba ya bin Sashe na 305 ko kaɗan. Gwamnoni da ministoci kan ce sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi ko ruwan sha ko shaye-shaye, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta yi a kan samar da abinci a Yulin 2023. Irin wannan furuci ba ya ƙara wa kowa iko a tsarin mulki, ba ya zuwa gaban majalisa don amincewa, ba shi da ranar ƙarewa. Amfaninsa shi ne jawo hankali da nuna fifiko, kuma ana gane gaskiyarsa ne a kasafin kuɗin da ya biyo baya. Azuzuwan da suka shekara ashirin rufinsu na yoyo ba kwatsam suka lalace ba.

Duk da haka kalmar na da tasiri a kan kuɗin jama'a, kuma nan ya kamata a fi sa ido. Sashe na 83 na tsarin mulki ya halatta asusun ko-ta-kwana domin buƙatar da ta taso da gaggawa ba a hango ta ba. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 kuma, a Sashe na 43, ta yarda a ba da kwangila kai tsaye ba tare da gasar 'yan kwangila ba idan bala'i ko yaƙi ko annoba ta afka. Sassaucin ya dace da ranar da ake neman kwale-kwale da maganin kwalara. Idan aka laƙaba wa daɗaɗɗiyar matsala sunan gaggawa, sassaucin na iya zama hanyar kauce wa bincike.

Ga talaka, wurin da kalmar ta fi ɗaukar nauyi shi ne ƙofar asibiti. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili, kuma ya tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Wata dokar ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga a yi masa magani nan take, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba, sannan asibitin ya sanar da 'yan sanda daga baya. Wannan haƙƙi ya tsaya ne a kan ceton rai a wannan lokaci. Mai ciwon ƙoda da ke buƙatar wankin jini duk mako, ko mai sikila da ciwonsa ke tashi lokaci bayan lokaci, dokar na kare shi ranar da aka kawo shi ranga-ranga, amma kuɗin jinyar sauran kwanakin shekara na wuyan iyalinsa, sai wanda ya samu shiga inshorar lafiya.